Takarda ko allo: da wace taswira za a ƙetare Atlantika daga Ikeja?

Bayan an sallame sallar Juma'a a Agege, wani matashin matuƙin jirgi da na daɗe ina ja a jiki ya tare ni a bakin masallaci, takalmansa a hannu. Kamfanin da yake wa aiki a Ikeja ya sayo jirgin alfarma mai cin dogon zango, mai jirgin kuma ɗan kasuwa ne da harkarsa ta fara kai shi Barazil da Amurka. An ɗora wa yaron nan rubuta ƙa'idojin ƙetare teku na kamfanin, ya zo kan maganar taswira ya cije.

"Yallaɓai, ku da kuka ga jiya kuka ga yau, ku raba mana gardama," in ji shi. "Rabinmu sun ce a yi watsi da takarda gaba ɗaya tunda kowa yana da iPad. Rabi kuma sun ce ba za su hau kan ruwa ba sai da taswira da fensir. Alhaji mai jirgin kuwa so yake kawai a faɗa masa nawa zai biya."

Na ce masa, "Ƙanena, maganar nan ba ta tsaye ba ce." Muka nemi benci wurin mai shayi, ba mu tashi ba sai da aka kira la'asar. Abin da na gaya masa shi zan shimfiɗa a nan, don na san ba kamfaninsu kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba.

In matuƙi ya ce taswira, abu uku yake nufi, kuma yawancin gardamar daga cakuɗa su take tasowa. Akwai ta filin jirgi, mai nuna yadda ake tashi da sauka da bin hanyoyin cikin fili. Akwai ta hanyoyin sama, mai layuka da sunayen zanguna da lambobin rediyo. Ta ukun ita ce farar taswirar teku, wadda kusan babu komai a kanta sai layukan digiri a kwance da a tsaye. Matuƙi ne yake zana hanyarsa a kai da hannunsa, yana ɗiga inda yake lokaci bayan lokaci. Biyun farko karanta su ake yi. Ta ukun aiki ake yi a kanta.

A kan biyun farko ba ni da wata doguwar magana: allo ya ci, kuma ban yi baƙin cikin hakan ba. Na yi zamanin kundayen Jeppesen, kamfanin da Elrey Jeppesen ya kafa a 1934 da ɗan littafin da yake rubuta bayanan filayen jirgi a ciki, yana sayar wa 'yan'uwansa matuƙa a kan dala 10. Kundayen da muka gada masu bangon fata ne, takardunsu sirara kamar ɓawon albasa. Ambulan na gyara zai iso, ka zauna ka buɗe ƙarfen kundi, ka zare tsohon shafi ka sa sabo, ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ɗari da wani abu. Bayanan zirga-zirgar sama na duniya kowane kwana 28 ake sabunta su, ranar ba ta jiran kowa. A Legas kuwa ambulan ɗin sai ya ƙetaro teku, ya bi ta hannun masu aika kaya da kwastan, ya ratsa cunkoson hanya kafin ya zo hannunka. Sau da dama ranar sabuntawa takan zo ta wuce yana hanya. Kuma in mutum ya sa shafi ɗaya a inda ba wurinsa ba, ba zai sani ba sai daren da ya neme shi.

Jirgin alfarma ya fi jirgin fasinja shan wannan wahala, don shi ba ya da hanya ɗaya. Yau Abuja, gobe Jidda, jibi mai gida ya ce São Paulo. Kundin duniya gaba ɗaya ba ya shiga ƙaramin ɗakin tuƙi. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da ya zamana kamfanin jiragen shata ne, Executive Jet Management, hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba izini a farkon 2011 ya yi amfani da iPad a madadin taswirar takarda, ƙasa da shekara ɗaya da fitowar na'urar. A 2013 American Airlines ta kammala raba matuƙanta da jakar takardu mai nauyin kusan kilo 16. Yau da manhajar ForeFlight ko ta Jeppesen, taswirar kowane fili da ke cikin rajistarka tana ƙarƙashin ɗan yatsanka, ka faɗaɗa rubutu da dare ba tare da tocila a baki ba, ka ga ɗan hoton jirginka yana tafiya a kan hanyar cikin fili a garin da ba ka taɓa sauka ba.

Allo yana da nasa ciwon, kuma ciwon ya fi tashi a ƙasa irin tamu. Kamfanin Apple da kansa ya ce iPad an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 na ma'aunin zafi. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin da ya wuni a rufe a filin Murtala Muhammed a watan Maris ya san abin da ke ciki ya wuce haka nesa. Na taɓa ajiye tawa a saman allon tuƙi, daidai ƙarƙashin gilashi, na sauka duba tayoyi da fukafukai. Ban yi minti ashirin ba na dawo na tarar da ita baƙa ƙirin, sai alamar zafi da rubutun cewa a bari ta huce. Na ɗauke ta tana ƙona tafin hannu, na kanga ta a bakin iskar sanyi, fasinjoji kuma suna tahowa. Ta dawo, amma da a ce ita kaɗai gare mu, da mun zauna. Akwai batir, akwai wayar caji da ke tsinkewa daga ciki ba a gani, akwai intanet ɗin otal da ke yankewa ana tsakiyar sauke sababbin bayanai. Akwai kuma kuskuren manhaja, wanda ya fi duka muni don yana kama na'urori da yawa lokaci guda: a watan Afrilun 2015 jirage da dama na American Airlines sun yi jinkirin tashi saboda wata taswira da ta shigo sau biyu ta tsayar da manhajar a hannun matuƙa.

Duk waɗannan suna da magani mai sauƙi. Kowane matuƙi da tasa na'urar, da ta uku a ajiye a inuwa. Kada a sabunta manhajar dukansu rana ɗaya, kada kuma a sabunta daren tafiya. A sayi irin mai ramin layin waya, don ita ce take da GPS a cikinta, mai Wi-Fi kaɗai ba ta da shi. A buga taswirar filin da za a sauka da na ko-ta-kwana a takarda, shafi goma ko sha biyu, a maƙale a bayan kujera. In jirgin sabo ne mai nuna taswira a allonsa na kansa, to an ƙara samun wani madogarin. Da wannan an gama da biyun farko.

Ta ukun ce ta zaunar da mu har la'asar.

Daga Legas zuwa Recife, bakin gaɓar Barazil ta gabas, kimanin kilomita 4,500 ne. Kana tashi daga Ikeja ka fita daga sararin Kano, ka shiga na Accra, ka bi ta kudu da gaɓar Gana da Kodebuwa, ƙasa ta ɓace a bayanka. Daga nan sai sararin da Dakar ke kula da shi, sannan na Atlantico da ake gudanarwa daga Recife. A tsakiyar nan babu na'urar rada da ke kallonka, babu tashar rediyon ƙasa da allurarka za ta nuna. Wanda yake son ya san nisan wurin daga idon mutane ya tuna jirgin Air France mai lamba 447, da ya faɗa teku ranar 1 ga Yunin 2009 da mutum 228, kusa da iyakar Atlantico da Dakar. An yi sa'o'i kafin a tabbatar ya ɓace, kuma sai a 2011 aka gano gangar jikinsa a zurfin kusan mita 4,000. Ba taswira ce ta jawo wannan hatsari ba, na kawo shi ne don a san irin dajin da ake magana.

A wurin nan jirgi yana bin abin da aka rubuta wa kwamfutarsa ne kawai, kuma yana binsa daidai ƙwarai. Matsalar ke nan. Na'urorin yau ba sa ɓata hanya, mutum ne yake ba su hanyar da ba ita ba, su kuma su bi ta ba ko gezau. A allon gabanka za ka ga jirgi zaune daram a kan layi, don layin da kansa ne ya karkace. Ranar 28 ga Nuwamban 1979 jirgin Air New Zealand ya daki dutsen Erebus a Antatika, mutum 257 suka rasu. An canza lambobin wani zango a kwamfutar ofis sa'o'i kaɗan kafin tashi, ba a gaya wa matuƙan ba, hanya ta matsa kimanin kilomita 43 gabas, daga kan ruwa zuwa kan dutse. Ranar 1 ga Satumban 1983 jirgin Korean Air Lines mai lamba 007 ya yi sa'o'i yana zamewa daga hanyarsa bayan tashi daga Anchorage, har ya shiga sararin Tarayyar Sobiyet aka harbo shi da mutum 269. Farar taswirar teku an yi ta ne saboda irin wannan: shaida ta biyu wadda ba ta ji daga bakin ta farko ba.

Ga yadda ake aikin. Kafin a shiga teku, ka ɗauki izinin da masu kula da sarari suka ba ka, wanda ka rubuta da hannunka, ka ɗiga kowane zango a taswira, ka ja layi da rula. Daga izinin za ka zana, ba daga takardar da ofis ya buga maka da safe ba. Bayan jirgi ya wuce kowane zango da kimanin minti 10, ka karanto inda yake a zahiri, digiri da minti, ka ɗiga, ka rubuta lokaci a gefe. In ɗigon ya faɗa kan layi, alhamdu lillahi. In ya faɗa gefe, akwai magana. Me ya sa minti 10? Don a kan zangon kansa hanyar gaskiya da ta kuskure a haɗe suke, sai an ɗan yi tafiya suke rabuwa. A Arewacin Atlantika akan ce minti 10 ko digiri 2, saboda can layukan tsaye sun matso juna. A kusa da ikwaita inda muke bi, digiri ɗaya mil 60 ne na teku, don haka minti 10 bai fi digiri ɗaya da ɗan ƙari ba. Yaron da ya haddace digiri 2 daga littafin Turawa ya zo da shi nan, zai makara.

Hanyarmu tana da wani tarko da masu tashi daga Landan zuwa New York ba su cika haɗuwa da shi ba. Legas tana arewa da ikwaita, gabas da layin Girinwich, wanda ya ratsa ta Tema a Gana. Recife tana kudu, tana yamma. Ke nan a tafiya ɗaya za ka tsallake layukan biyu. Kwamfutar jirgi kuwa tana taƙaita sunan zangon teku zuwa lamba huɗu da harafi ɗaya, kuma harafin nan ba ya nufin abin da ido yake zato. N na nufin arewa da yamma, E arewa da gabas, S kudu da gabas, W kuma kudu da yamma. Don haka 0220W shi ne digiri 2 kudu, 20 yamma. 0220N kuwa digiri 2 arewa, 20 yamma. Harafi ɗaya, tazarar mil 240 na teku, fiye da kilomita 440. Mutumin da ya gaji da ƙarfe uku na dare zai ga W ya ce ai yamma muka nufa, ya ga N ya ce ai arewa muke, duka biyun su yi masa daidai. Can arewa ma an sha irin wannan da aka shigo da zanguna masu rabin digiri: 5250N da N5250 wurare biyu ne daban, mil 30 tsakaninsu, har sai da aka koma sa harafin H a gaban na rabin digiri. Maganin shi ne a buɗe kowane zango a karanta cikakkun lambobinsa, ɗaya yana karantawa ɗaya yana dubawa. Wanda zai ɗiga da fensir dole ya yi haka, don ba a ɗiga suna, lamba ake ɗigawa.

Masu tattara kurakuran Arewacin Atlantika, inda yanzu kaucewar mil 10 ake lissafa ta babban kuskure, sun daɗe suna nanata abu guda: babban sanadi shi ne a canza wa jirgi hanya, matuƙa su amsa, sannan jirgin ya ci gaba da bin tsohuwar da aka shigar tun a ƙasa. Na gani da idona. Wani dare muna kan hanyar Barazil, kafin mu kai digiri 2 arewa 10 yamma, aka kira mu ta rediyon HF mai cin dogon zango, muryar tana zuwa tana ɓacewa cikin ƙara kamar ana suya. Aka ce zango na gaba ya koma digiri 3 kudu maimakon 2. Mataimakina ya rubuta, ya maimaita, aka tabbatar. Ya goge tsohon layi a taswira ya ja sabo. Ya shigar da lambar a kwamfuta, ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa daga ɗakin fasinja da wata tambaya, maɓallin tabbatarwa bai samu dannawa ba. Ni ma da ya kamata in duba ban duba ba. Muka wuce zango, minti 10 ta cika, ya kunna 'yar fitilar gefensa, ya ɗora taswira a cinya ya ɗiga. Ya yi shiru, ya sake karanta lambobin, ya sake ɗigawa.

"Kyaftin, ku duba nan. Ɗigon ya hau sama da layi."

Tazarar ba ta fi kaurin bakin fensir da kaɗan ba, mil shida ko bakwai. Allon jirgi yana nuna muna kan hanya. iPad ɗina, wadda ta ɗauko hanyar daga ofis tun muna Ikeja, ita ma tana nuna ɗan jirginmu a kan layi, don tsohon layin ne a cikinta. Shaidu biyu sun ce lafiya, fensir ya ce a'a, kuma fensir ne mai gaskiya. Muka gyara, muka sanar. Da mun bari, bayan sa'a ɗaya da kusan rabi da mun iso mil 60 daga inda ake zaton muna.

Kada wannan labari ya sa a ɗauka takarda laya ce. Da ya goge layin bai ja sabo ba, ko da ya ce ai kaurin fensir ne, da ba ta tsinana komai ba. A watan Satumban 1989 matuƙan jirgin Varig mai lamba 254 a Barazil sun karanta 0270 a takardar tafiyarsu, suka ɗauka digiri 270 ne alhali 27 ake nufi, suka nufi yamma maimakon arewa, mai ya ƙare musu a dajin Amazon. Takarda ce a hannunsu. Na kuma ga taswirori da aka cike ɗigoginsu bayan an sauka, duk a kan layi tsaf, don kawai a samu abin nuna wa mai bincike. Wannan shaidar zur ce, kuma ta fi rashin taswirar haɗari, don tana koya wa yara cewa aikin na ado ne.

Zanen hanya a allo kuwa, in za a yi adalci, ya fi takarda a wurare da yawa. Mil shida da ya kusa ɓuya a ƙarƙashin fensir, a allo lamba ce za ta fito ƙarara. Ba ruwansa da girgizar jirgi ko ƙarancin haske, ba ya yagewa, shayi ba ya zuba a kansa ya wanke layi. Yana ɗora hoton hadari a kan hanya, abin da ke da muhimmanci a gare mu don muna ratsa yankin nan na kusa da ikwaita inda gizagizai ke tashi su wuce tsayin da jirage da yawa ke bi. Yana nuna wuraren yanke shawara, wato inda komawa baya da ci gaba suka zama daidai a lokaci, kuma waɗannan ba ɗaya ba ne: akwai na mutuwar inji, akwai na zubewar iskar cikin jirgi da zai tilasta sauka zuwa ƙafa 10,000 inda mai ke ƙonewa da sauri, akwai na rashin lafiyar fasinja. A hanyar Recife zaɓinka Accra ne ko Abidjan ko Monrovia a baya, Natal ko Fortaleza ko Recife a gaba. Tsibirin Ascension yana kudu, amma filin soja ne, ba a faɗa masa haka nan ba tare da shiri ba. In iska ta canza, allo zai sake lissafi nan take. A takarda sai ka zauna da rula. Sannan yana adana komai da lokacinsa, ba mai iya cikewa daga baya.

Inda allo ke da rauni wuri ɗaya ne, amma shi ne wurin da aka yi taswirar dominsa. Sauƙinsa yana kashe shaidar. Hanya ta sauko daga ofis da kanta, wurin da jirgi yake ya shigo daga GPS da kansa, matuƙi ya danna maɓalli ɗaya ya ga kore. Bai karanta lamba ba, bai kwatanta da izini ba. In kuskuren daga ofis ya taso, ya shiga kwamfutar jirgi ya shiga iPad tare, kamar mutum biyu da suka ji labari daga bakin mutum ɗaya suka zo suna gaskata juna. Ga kuma sabuwar fitina: tun daga ƙarshen 2023 jirage suke ba da rahoton siginar GPS ta bogi a sararin Iraƙi da gabashin Bahar Rum da kewayen Bahar Aswad, mai sa na'ura ta yarda tana wani wuri daban. Jiragenmu na Legas suna yawan zuwa Gabas ta Tsakiya, kuma wasu na'urorin ba sa warwarewa sai an kashe su an kunna a ƙasa. Ranar da GPS ya yi ƙarya, abin da zai rage shi ne na'urar da ke ƙirga motsin jirgi ba tare da tauraron ɗan'adam ba, da agogo, da alƙibla, da matuƙin da hannunsa ya saba auna nisa. Ana iya wannan a allo, amma wanda bai taɓa yi da rula ba da wuya ya fara a daren.

Don haka in kamfani ya zaɓi allo, sharaɗina biyu ne. Hanyar da ke ciki a gyara ta da hannu daga rubutaccen izini duk lokacin da aka canza ko da zango ɗaya. Ɗigon minti 10 kuma a karanto shi daga na'urar jirgi a shigar da yatsa, kada a bar iPad ta ɗauko da kanta. In an kiyaye waɗannan, allo ya yi aikin fensir har ya fi shi.

Sai doka. Yaron ya ce ya karanta cewa Amurkawa sun yarda da zanen allo. Haka ne, takardar shawararsu mai lamba 91-70 ta buɗe wannan ƙofa, littafin Arewacin Atlantika da ake kira NAT Doc 007 shi ma ya yarda da wasu hanyoyin dubawa ban da takarda. Amma jirgi dokar ƙasar da ya yi rajista yake bi. In lambarsa ta fara da 5N, maganar NCAA ce, hukumar jiragen sama ta Najeriya. Jiragen alfarma da yawa da ke kwana a Ikeja kuwa rajistarsu ta waje ce, wani N na Amurka, wani T7 na San Marino, wani VP-C na tsibiran Cayman, kowanne da hukumarsa. Abin da ke rubuce a littafin aikin kamfaninku wanda hukuma ta sa wa hannu, shi mai bincike zai tambaya in ya hau jirginku a Faransa ko Fotugal. In littafin ya ce takarda, kuka nuna masa iPad, kun saɓa, ko da abin da kuka yi ya fi kyau. A nemi amincewar a rubuce tun kafin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗi ba shi ne abin dubawa a nan ba, na ce ya gaya wa Alhaji haka. Rajistar taswirorin allo da dala ake biya kowace shekara, kuma za a biya ta ko an riƙe farar taswira ko an bar ta. Farar taswirar kanta kuɗinta bai kai na man da jirgin ke sha a 'yan mintuna ba.

Abin da ya kamata ya raba gardamar shi ne wane jirgi ne, kuma su wa ke tuƙa shi. Ɗauki Global 6000 ko Gulfstream G550, masu iya tashi daga Legas su dire New York, tafiyar kusan kilomita 8,400, ba tare da tsayawa ba in iska ta yi daɗi. Suna da na'urar musayar saƙo a rubuce da masu kula da sarari, irin wadda aka wajabta tun Janairun 2020 a mafi yawan Arewacin Atlantika tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000. Jirgin yana aika rahoton inda yake da zangon da ya nufa da kansa, don haka akwai wani ido a ƙasa da zai iya ganin kuskure. In matuƙansa suna ƙetare teku kowane wata, an horar da su a kan manhajar, hukuma ta amince, to su tafi da allo, ban da ja. Amma ɗauki tsohon Challenger 604 da zai tsaya shan mai a tsibirin Sal na ƙasar Cape Verde kafin ya ƙetara, wanda wataƙila muryar HF ce kaɗai ke haɗa shi da duniya, matuƙansa kuma aikinsu na kullum Legas zuwa Abuja zuwa Kano ne, teku sai sau uku ko huɗu a shekara. Waɗannan su riƙe takarda. Manhajar da ba ka taɓa ba wata huɗu za ka tarar an sauya mata fuska, ka ɓata minti 10 ɗin kana neman maɓalli. Rula da fensir yadda ka bar su haka za ka same su. Kuma jinkirin da takarda ke sa mutum, ya karanta lamba, ya nemo layi, ya ƙirga, shi ne yake tashe shi daga gyangyaɗin tsakiyar teku.

Kamfaninsu a rukuni na biyu yake ta fuskar matuƙa, ko da yake jirgin sabo ne. Na ce ya rubuta haka: taswirar fili da ta hanyoyin sama duka a allo, da na'ura uku da bugaggun shafukan ko-ta-kwana. Farar taswirar teku a takarda, ita ce ta aiki, har tsawon shekara guda ko ƙetarawa goma, wanda ya zo daga baya. A cikin wannan lokaci mai zaman hagu, wato kyaftin, ya riƙa yin zanen a allo shi ma, da hannu, bayan an sauka a ajiye biyun gefe da gefe a gani. In sun yi ta dacewa, kowa ya saba, sai a rubuta wa hukuma a nemi komawa allo, a bar taswira biyu a naɗe a aljihun bayan kujera.

Ya rubuta duka a bayan wata takarda da ya zaro daga aljihu, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, to yaran da suka fito daga makarantar tuƙin jirgi ta Zariya kwanan nan fa, waɗanda tun farko da allo suka saba?"

Na ce ya tara su ranar Asabar a ofishinsu na Ikeja, ya samo taswirar Kudancin Atlantika guda shida da rula da fensir mai taushi, irin wanda ke goguwa ba ya huda takarda. Zan zo da tsohuwar tawa ta daren nan, har yanzu ɗigon yana nan sama da layi, da lokacin a rubuce a gefensa.